Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Kwamfutoci Ke Saɓawa Wajen Neman Sunan Fayil

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman fayil a kwamfuta alhali bai tuna cikakken sunansa ba, ya san amfanin alamar tauraro. Idan ka rubuta *.wav, kana umartar kwamfuta ne ta kawo maka duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .wav, ko da me ya fara. Saboda sauƙin abin, akasarin mutane sukan ɗauka cewa kowace kwamfuta za ta ba da amsa iri ɗaya. To amma idan aka ɗauki folda guda, aka yi mata wannan tambaya a kan Windows, aka sake yi a kan Linux, sannan a kan macOS, ana iya samun amsoshi uku mabambanta, kuma babu wadda za ta nuna alamar cewa akwai matsala.

Ni ɗalibar Hausa ce, ba ta kimiyyar kwamfuta ba, kuma Hausa ba shi ne harshen da na tashi da shi a gida ba. Aikin nazarin furuci ne ya kai ni ga wannan batu. Manufata a wannan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda waɗannan bambance-bambance suke, da inda suka samo asali, da kuma abin da ake yi domin manhaja ta yi aiki iri ɗaya duk inda aka kai ta. Na ga ya dace a yi maganar a nan saboda haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Mene ne Zubin Nema?

Abin da zan riƙa kira zubin nema shi ne ɗan rubutun da ake bai wa kwamfuta ta gwada shi da sunayen fayiloli, ta ware waɗanda suka dace da shi. Alamominsa na asali uku ne. Tauraro yana tsayawa a madadin kowane adadin haruffa. Alamar tambaya tana tsayawa a madadin harafi ɗaya tak, wato ?afa zai kama kafa da dafa. Sai baka biyu mai kusurwa, wanda ake zuba zaɓi a cikinsa: [kd]afa zai kama kafa da dafa kawai, shi kuwa [a-z] yana nufin kowane harafi daga a zuwa z.

Wannan dabara ta daɗe. A farkon shekarun 1970, lokacin da ake gina Unix a Bell Labs da ke Amurka, akwai wata 'yar manhaja mai suna glob wadda aikinta kawai shi ne ta mayar da zubi zuwa jerin sunaye. Sunan ya bi aikin har yau. A shekarar 1992 ƙa'idar POSIX, wadda dangin Unix suke bi, ta tsayar da yadda glob da takwararta fnmatch za su yi aiki. Masu rubuta manhaja ba sa sake ƙirƙiro wannan aiki kullum. Akwai shiryayyen rubutu da kowa yake ara ya sa a cikin nasa, suna kiransa laburare. Matsalar ita ce, laburaren da aka rubuta da al'adar babbar manhaja guda a zuciya, idan aka kai shi wata sai ya tarar da wata al'adar.

Aikin da Ya Kai Ni

A ajinmu na uku an ba mu aikin rukuni. Aka ce mu naɗi muryoyin masu magana da Hausa a unguwar Sabo ta garinmu da kasuwar da ke kusa da ita, da waɗanda suka tashi da harshen, da waɗanda suka koye shi wajen ciniki, mu ga yadda kowane ɓangare yake furta ɓ da ɗ da ƙ. Mu da muka koyi Hausa da girma mun san nauyin wannan tambaya, domin kunnen ɗan koyo yakan daɗe kafin ya raba kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Kowace kalma da muka naɗa mun ajiye ta a fayil ɗinta, da sunan kalmar da lambar mai magana, kamar ƙafa_07.wav da baki_12.wav. Muna kuma da littafi da muke rubuta kowace naɗa da biro a wurin da aka yi ta.

Da fayilolin suka yi yawa, wani abokin karatunmu daga sashen kwamfuta ya rubuta mana 'yar manhaja da harshen Python, wadda za ta tattaro su ta jera mana. Zubin da ya sa shi ne [a-z]*.wav, domin a tsallake fayilolin gwajin na'ura da muka fara sunayensu da lamba. A kwamfutarsa mai Linux manhajar ta ba da adadi. A tawa mai Windows, da filash ɗin nan dai, ta ba da adadin da ya fi nasa. Babu wadda ta yi ƙorafi a cikin biyun.

Babban Baƙi da Ƙarami

Dalilin farko bai yi wuyar ganowa ba. Ɗaya daga cikin na'urorin naɗar da muka ara tana rubuta .WAV da manyan baƙaƙe, wasu 'yan rukuninmu kuma sun fara sunayen da babban baƙi kamar yadda aka koya mana a rubutu. A al'adar Linux, Kafa da kafa sunaye biyu ne, suna iya zama a folda ɗaya. A al'adar Windows suna ɗaya ne: tana adana babban baƙin yadda ka rubuta shi, amma ba ta bambanta su wajen nema. Ita ma macOS haka take idan ba a canza mata tsari ba. Laburaren Python yana bin wannan a fili: fnmatch tana mayar da haruffa ƙanana kafin ta gwada idan tana kan Windows, a kan Linux kuwa ta bar su yadda suke. Ga wanda yake son amsa ɗaya ko'ina, an tanadi fnmatchcase, wadda kullum take bambanta babba da ƙarami.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu kai-tsaye. A tsohon tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda ya fito a 1963, tsakanin kowane babban baƙi da ƙaraminsa akwai tazarar 32: A lambarsa 65, a kuma 97. Saboda haka tsofaffin laburare da yawa ƙara 32 kawai suke yi ga haruffan A zuwa Z. Haruffanmu ba su bin wannan lissafi. A tsarin Unicode, Ƙ lambarsa 408, ƙ kuma 409. Ɗ yana kan 394, ɗ yana can 599. Ɓ yana 385, ɓ yana 595. Laburaren da bai duba jadawalin Unicode ba zai gane cewa Kano da kano ɗaya ne, amma ya ce Ɗanja da ɗanja ba su haɗa komai ba.

Abin da Duka Biyun Suka Yi Shiru a Kai

Bayan an gyara batun babban baƙi, kwamfutocin biyu suka ba da adadi ɗaya. Abokin namu ya ce shi ke nan. Sai dai da na ƙirga abin da ke littafinmu na biro, na ga ya fi abin da suka kawo. Na zauna na bi jerin layi-layi. Kafa tana nan, ƙafa babu. Bari tana nan, ɓari babu. Duk kalmar da ta fara da ɓ ko ɗ ko ƙ ko 'y ta ɓace daga jerin.

Dalili kuwa shi ne [a-z]. A wurin ɗalibin Hausa, daga a zuwa z ya haɗa da ɓ bayan b, da ɗ bayan d, da ƙ bayan k, kamar yadda muke rubuta boko tun shekarun 1930. A wurin laburaren kuwa, daga a zuwa z yana nufin daga lamba 97 zuwa 122, haruffa 26 ke nan, namu kuma suna can gaba da nisa. Wasu laburaren sukan bi jerin harshen da aka saita wa kwamfuta, sai amsa ta canza daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ita kanta ƙa'idar POSIX ba ta tsayar da ma'anar irin wannan zango ba a wajen saitinta na asali.

Mai karatu, ka duba abin da da zai faru. Aikinmu gaba ɗaya a kan waɗannan baƙaƙe uku yake. Da mun dogara da jerin, da mun yi nazarin ƙ a tsakiyar kalma kawai, mu rubuta sakamako a kan mutanen da suka ba mu lokacinsu a bakin shagunansu, alhali wani babban kaso na shaidar yana kwance a filash ba a taɓa shi ba. Kuma da ba wanda zai lura, tunda kwamfutoci biyu sun yi ittifaƙi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Manhajar da ta tsaya ta ce ta kasa, ta taimake ka. Wadda ta miƙo maka jeri mai kyan gani amma da giɓi, ita ce abar tsoro.

Sanda Jirge ta Gaba da ta Baya

Tun daga nan muka ƙuduri cewa za mu bi manhajar gaɓa-gaɓa. Abu na gaba shi ne alamar da ke raba sunan folda da na fayil. Unix da danginta suna amfani da sanda jirge (/). Windows tana amfani da mai jingina baya (\). Wannan gado ne daga MS-DOS 2.0 ta shekarar 1983, lokacin da aka shigo da folda cikin folda, aka tarar an riga an ba sanda ta gaba wani aiki a layin umarni.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a ƙa'idar POSIX, sanda mai jingina baya tana da nata aikin a cikin zubi: tana kashe ƙarfin alamar da ta biyo ta. Wato sauti\*.wav, wanda mai Windows yake nufin duk fayilolin sauti da ke foldar sauti, a wurin laburaren Unix yana nufin fayil ɗaya mai tauraro na zahiri a sunansa. Ba zai same shi ba, sai ya dawo hannu rabbana. Masu laburare sun bi hanyoyi daban-daban wajen warware wannan. Harshen Go ya ce a kan Windows wannan sanda rabewa kawai take yi. Laburaren glob na Node.js, tun fitowarsa ta 8 a 2022, ya ce a cikin zubi sanda ta gaba ce kaɗai mai rabewa a kowace kwamfuta, kuma haka Git yake yi a fayil ɗinsa na .gitignore. Python kuwa ba ta ba sandar aikin kashewa ba sam. Idan kana son tauraro na zahiri sai ka rubuta [*]. Mu dai mun bi hanyar Git, domin doka ɗaya ta fi sauƙin koya wa mutum biyar.

Akwai kuma tambayar wane ne yake buɗe tauraron. A Linux da macOS, manhajar da ke karɓar umarni, kamar Bash, ita ce take mayar da *.wav zuwa jerin sunaye kafin ta miƙa wa manhajarka. A cmd ta Windows, tauraron yakan isa ga manhajarka yadda aka rubuta shi, ita za ta yi aikin da kanta. Manhajar da ba ta shirya wa wannan ba za ta je tana neman fayil mai suna tauraro.

Karin Sauti da Hamza

Malaminmu ya buƙaci mu sa alamun karin sauti a wasu sunaye, kuma kwamfutarsa Mac ce. A nan muka haɗu da wani abu da ido ba ya gani. A Unicode ana iya rubuta à ta hanya biyu: ko dai harafi ɗaya dunƙulalle, ko kuma a ɗin zalla a biyo shi da alamar karin ƙasa a matsayin wani harafi na daban. A kan allo babu bambanci, a lissafi kuwa akwai. Tsohon tsarin ajiya na Mac, wato HFS+ na 1998, yakan warware irin waɗannan haruffa zuwa gida biyu kafin ya adana suna. APFS da ya gaje shi a 2017 yana adana sunan yadda aka ba shi, amma fayilolin da suka fito daga tsofaffin faifai suna nan da tsohuwar sigarsu. Linux kuwa ba ruwanta, abin da ka ba ta shi take riƙewa. Saboda haka kàsa da aka buga a nan da kàsa da aka kwafo daga can suna iya ƙin haɗuwa. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Maganinsa shi ne a mayar da zubi da suna duka zuwa siga ɗaya kafin a gwada su, kuma sigar dunƙulewa da ake kira NFC ita aka fi zaɓa. Amma wannan magani ba ya taɓa hamza. Kalmar 'ya'ya ana iya buga ta da miƙaƙƙiyar alama ta allon bugu, ko lanƙwasasshiya wadda manhajar rubutu takan sauya da kanta, ko kuma wata ta uku da Unicode ya ware a matsayin harafi. Ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Babu laburaren da zai yanke mana hukuncin cewa waɗannan abu ɗaya ne. Masu harshen ne za su faɗa, mai manhaja ya rubuta.

Ita ma alamar tambaya tana da nata. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa bayit biyu. Laburaren da yake ƙirga bayit a maimakon harafi zai ce ?afa ya dace da kafa amma bai dace da ƙafa ba.

Sunayen da Ba Su Ƙetarawa

Linux tana karɓar kusan kowace alama a sunan fayil, ban da sanda jirge da bayit ɗin sifiri. Windows ta haramta guda tara, daga ciki har da tauraro, da alamar tambaya, da ruwa biyu, da alamar zancen wani. Tana kuma da sunayen da aka keɓe wa na'urori tun zamanin DOS, irin su CON da PRN da AUX da NUL. Ɗaya daga cikinmu ta so ta sa wa wani fayil suna da jimlar tambaya har da alamarta. A kwamfuta ɗaya ya yiwu, a ɗayar ya ƙi. Haka kuma a al'adar Unix tauraro ba ya kama sunan da ya fara da ɗigo, domin ana ɗaukarsa ɓoyayye. Wannan ya zama abin lura saboda Mac takan bar ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo a kan filash, masu suna irin na fayilolinka, waɗanda ba sauti ba ne. A Python, glob tana tsallake su, fnmatch kuwa ba ta tsallakewa.

Na ƙarshe shi ne jeri. Babu tabbacin cewa kwamfutoci biyu za su kawo sunaye bi-da-bi iri ɗaya, sai manhaja ta jera su da kanta. Idan kuma ta jera su bisa lamba, ƙafa za ta koma bayan zomo. Dole muka rubuta mata jerin baƙaƙen Hausa da hannu.

Dokokin da Muka Tsayar

Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, babu babbar manhajar da ta yi laifi. Kowace tana da tarihinta da dalilanta. Laburare yakan ƙi tafiya ne idan ya bar wa kwamfutar da yake kai ta yanke masa hukunci a ɓoye. Saboda haka muka rubuta dokokinmu a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, kafin a sake taɓa manhajar. A cikin zubi sanda ta gaba kawai za a yi amfani da ita. Batun babban baƙi mai nema ne zai zaɓa a fili, kuma za a bi jadawalin Unicode. Kowane suna da kowane zubi za a mayar da shi NFC, a kuma haɗa hamzoji wuri ɗaya. An daina amfani da [a-z]. Idan ana son tsallake masu farawa da lamba, sai a faɗi hakan kai-tsaye. Manhaja ce za ta buɗe tauraro, ita za ta jera sakamako. Sannan kullum ta faɗi fayil nawa ta gani a folda, nawa ta ɗauka, ta kuma lissafo waɗanda ta bari.

Abokinmu ya raba manhajar gida biyu: ɓangaren da ke gwada zubi da suna, wanda bai san irin kwamfutar da yake kai ba, da ɗan ƙaramin ɓangaren da ke karanto sunaye daga faifai, wanda shi kaɗai ne ya san bambancin. Ni kuma aikina shi ne haɗa foldar gwaji. Na zuba mata kafa da ƙafa da Ƙafa, da ɗaki da Ɗaki, da 'ya'ya iri uku, da kàsa iri biyu, da fayil mai .WAV, da mai farawa da ɗigo, na rubuta amsar da ta kamata ga kowane zubi. Duk sa'ad da aka canza wani abu, sai an gudanar da gwajin a kan kwamfutoci ukun. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai masu tattara bayanai don kundin kammala karatu ita ce, ku riƙe lissafin fayilolinku a wani wuri da ba kwamfuta ba, ku riƙa gwada shi da abin da manhaja ta kawo. Ku amince da tsarin suna ɗaya tun ranar farko, da irin hamzar da za a buga. Idan wani ya rubuta muku manhaja, ku tambaye shi abin da take yi da ƙ da Ɗ, ku kuma ba shi kalmomin da zai gwada. Shi ya san Python, amma mai yiwuwa bai san cewa baki da baƙi kalmomi biyu ba ne. Wannan sanin a hannunmu yake, kuma ana buƙatarsa tun a lokacin rubuta manhajar. Allah ya sa mu dace.